Bayan Zabuwar Baba

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma har yanzu alfahari bai sake ni ba.

Sati biyu ke nan ina fama da tambarin yajin Inna, wata zabuwa da marigayi Baba ya zana da fenti a allon shagonta. Aikina a kwamfuta shi ne in ba ta kauri, ta juya, ta yi taku a bidiyon talla. Sharaɗin Inna ɗaya ne: in ta ga ba zabuwar mijinta ba ce, a goge. To Baba gefe ɗaya ya zana, ba wanda ya taɓa ganin ɗayan.

A mafarkin sai na gan ni a wani gari da kowa shafal yake kamar takarda. Mutum in ya juya gefe sai ya ɓace, shi ya sa ba sa sallama, juyawa kawai suke yi. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi. Zabuwar tana hammatata, a naɗe kamar tabarma.

A Ofishin Kauri wata akuya mai tabarau ta karɓi takardata, ta cinye, ta ce ta karanta.

"Kauri nawa kike so?"

"Na zabuwa mai ƙoshin lafiya, ranki ya daɗe."

"Taƙi ɗaya ya rage, raƙumi ya kwashe sauran. Wa ya san bayanta?"

Sai ga ni a gindin tsani. Baba yana sama yana yi wa gajimare fenti, shi ma shafal.

"Baba, me ke bayan zabuwar nan?"

"Bango."

"Ɗaya gefen nake nufi."

"Fenti ne ya ƙare, Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Na bar miki."

Na shimfiɗa ta, na ja ƙirjinta ya cika, na mulmula cinya. Na rataya rana guda uku su haska ta: ɗaya a gaba, ɗaya a gefe, ɗaya a baya. Baba da babban yatsa yake ɗiga fararen ɗigonta, ni ma na tsoma nawa a fenti na bi ɗaya gefen, ɗigo bayan ɗigo. Ba yabon kai ba, aikin ya yi.

Zabuwa ta miƙe ta juya, ba ta ɓace ba. Akuya ta cire tabaranta.

Inna tana zaune a kan turmi. "Sake juya ta," ta ce. Ta daɗe tana kallo. "Wannan gefen nasa ne. Wannan kuwa ɗigon sun yi ƙanana."

Na ɓoye yatsana a bayana.

Daga kan tsani Baba ya ce, "Yatsan 'yata ne, Larai. Haka zan so shi."

Inna ta goge ido da bakin zane. "A bar ta."

Daɗi ya kama ni har na ji na fi tsanin tsawo. Baba ya juya zai ci gaba da fentinsa, shi ma bai ɓace ba. Na ga bayan rigarsa, har facin da na yi masa ina aji uku. Na ɗaga hannu zan taɓa.

Tim, tim, tim. Inna ce a tsakar gida take dakan yaji. Na yi atishawa, na tashi neman farin fenti.