Hita Marar Birki

Da safe Mama ta fito za ta ɗora ruwan shayi, sai ƙafarta ta faɗa cikin ruwa tsundum. Ta ja da baya tana salati. Lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki ya cika taf, silifas ɗin maigidanta ɗaya ya kama hanyar falo shi kaɗai. Ta ɗaga kai ta dubi hitar ruwan wanka da ke maƙale a bango. Tsohon tankin nan da suka tarar a gidan tun ranar da suka tare, gindinsa ne ya tsage, jan ruwa mai tsatsa yana ta tsiyaya. Ta lallaɓa ta kashe makunninta, ta murɗe kan bututun da ke ba ta ruwa, sannan ta tsaya riƙe da ƙugu.

Maigidan ya leƙo daga ƙofar ɗaki, dogare da sandarsa. Direba ake ce masa a unguwar, don a bayan sitiyarin babbar bas ya yi furfura. Da can in ya ɗauko labari sai shayi ya huce a kofi bai kai ƙarshe ba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo kaɗan-kaɗan, amma magana ta maƙale. Kalma ɗaya sai ya yi ta fama da ita, in ta ƙi fita ya kaɗa hannu ya haƙura.

Ya dubi ruwan, ya dubi tankin. "Ta... mutu."

"Ta mutu, Malam. Koma ciki kada santsi ya kwashe ka."

Kafin la'asar 'ya'yan sun iso. Babban, wanda ake kira Injiniya, aikin ofis yake yi, sunan kuwa tun yana yaro ya samo shi, ranar da ya kwance rediyon gidan ya kasa mayarwa. Auta malamar makaranta ce, kuma tun da ta iya magana ba ta taɓa yarda da yayanta a kan komai ba.

"A sayo irinta kawai," in ji Injiniya, yana ƙwanƙwasa tankin da makullin mota. "Mai tanki. Ko an ɗauke wuta akwai ruwan zafi a ajiye."

"Haba Yaya, wa yake rataya ganga a bango yanzu? Akwai marar tanki, ba ta fi jakata girma ba. Kana buɗe famfo take ɗumama ruwan yana wucewa."

"In babu wuta fa? Sai ta ɗumama shi da addu'a?"

"Akwai mai gas."

"Gas! Kusa da Baba? Ke da hankalinki?"

Mama tana ta matse tsumma a bokiti. Akwai abin da ta sani wanda su ba su sani ba. Wata safiya, kwanakin baya, tana wucewa ta ƙofar banɗaki da kayan wanki a hannu, ta ji murya a ƙarƙashin ƙarar shawa. Da farko ta ɗauka rediyon maƙwabta ne. Ta kasa kunne. Mijinta ne yake waƙa, kalmomi suna fitowa a jere, babu tuntuɓe, babu kokawa. Waƙar shirme ce irin wadda ya saba ƙirƙira a kan hanya don kada barci ya sace shi, yana yi wa sabulu kirari yana tsokanar soso. Kayan wankin suka zube daga hannunta. Ba a jima ba ruwan tankin ya ƙare, sanyi ya sauko masa, ya ce "Kai!" waƙar ta yanke a tsakiyar baiti. Ya fito shiru kamar ba shi ba.

Tun daga ranar, kullum sai ta sami abin gogewa a lungun nan lokacin wankansa. Ba ta faɗa wa yaran ba. Tana tsoron su yi ta murna a gabansa, kunya ta kama shi ya daina.

Kwanakin da suka biyo bayan mutuwar hitar, a tukunya ta riƙa dafa masa ruwa, ta sirka a bokiti, ta ajiye masa kujerar roba. Takan tsaya a bakin ƙofa, ba ta jin komai sai ƙarar kofi yana bugun bokiti. Ya watsa, ya watsa, ya fito. Ranar da ta ga ya zauna a falo ya zuba wa bango ido har shayinsa ya yi sanyi, ta ɗauki waya ta kira mai gyaran famfo, ta kira yaran, ta ce kowa ya zo a yi ta ta ƙare.

Mai gyaran famfon wani kakkauran mutum ne mai fara'a, fensir a bayan kunne, sifana a aljihun baya. Ya duba bututu, ya buɗe famfo ya tara hannu, ya leƙa ta taga ya dubi bangon waje. Sannan ya zauna a hannun kujera ya yi musu bayani dalla-dalla. Mai tanki ta fi sauƙin saye da sauƙin ɗaurawa, tana riƙe ruwan zafi ko da wuta ta tafi, amma in abin da ke cikinta ya ƙare sai an jira. Marar tanki ta fi tsada, tana son ruwa mai ƙarfi, kuma dole a riƙa wanke mata ciki lokaci-lokaci. Ta lantarki sai an sake wayoyin gidan, ta gas kuwa da batir take kunna kanta.

"Maganar gas ɗin ce ba ta kwanta mini ba," in ji Injiniya.

"Gaskiyarka. Ni ma ba zan ɗaura ta cikin banɗaki ba ko an roƙe ni. A bangon waje za ta zauna, ita da tukunyar gas ɗinta, inda iska ke kaɗawa."

Injiniya ya dubi Auta, ya ɗaga gira. Auta ta murguɗa masa baki.

"Ni tambayata ɗaya ce," in ji Mama. "Wacce ce ba ta yanke wa mutum ruwan zafi yana tsakiyar wanka?"

"Marar tanki, Mama. Muddin akwai gas akwai ruwa, sai dai mutum ya gaji."

Ta juya wajen mijinta. Tun da aka fara maganar nan babu wanda ya waiwaye shi. "Malam, kai ne mai dogon wanka a gidan nan. Wacce kake so?"

Mai gyaran famfo ya miƙa masa waya, ya nuna masa hoton kowacce. Direba ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan ƙaramar, leɓensa yana motsi, kowa yana jiransa.

"Wannan... ba ta da... birki?"

Mai gyaran famfo ya tuntsire da dariya har fensirinsa ya faɗo. "Ba ta da birki, Baba! Sai in kai ka taka."

"Ita," in ji Direba, ya miƙa wayar.

Ranar aikin kowa ya ɗauki hutu. Sauke tsohon tankin ya fi komai wuya, don laka da tsatsa sun cika cikinsa. Injiniya ya nace sai ya kama, ga shi cikin farar riga. Suna karkato shi a bakin ƙofa, ragowar jan ruwan ya kwararo masa daga ƙirji har takalmi. Auta ta zauna a ƙasa don dariya. Ko Direba sai da kafaɗunsa suka yi ta rawa.

Zuwa azahar an ɗaura sabuwar, mai gas, a bangon waje, fara ƙal, an ja bututu ta ƙarƙashin taga. Duk suka cunkusu a banɗaki. Mai gyaran famfo ya murɗa shawa, Auta ta tara hannu tana murmushin wanda ya ci gasa. Murmushin ya fara dusashewa. Ruwan sanyi ƙalau.

"To fa," in ji Injiniya, yana goge rigarsa da tsumma. "Malama, ko addu'ar ce ba a yi ba?"

Mai gyaran famfo ko a jikinsa. Ya kwance kan shawar ya ɗaga shi ga haske. Ƙofofinsa duk sun toshe da farin dattin ruwa, abin da ke fita bai kai ya tayar da wutar hitar ba. Ya jiƙa shi, ya goge da buroshi, ya bi ƙofofin da allura, ya mayar. Da ya sake murɗawa, daga waje suka ji ƙyas-ƙyas-ƙyas, sannan fuf. Auta ta janye hannunta da ihu. Tururi ya fara hawa madubi.

Mama ta kore su duka. Ta ajiye wa mijinta tawul da sabulu, ta saita masa zafin yadda yake so, ta jawo ƙofa. A falo ta kashe talabijin, ta karɓe wayar Auta ta kife a kan tebur.

"Ku zauna. Kada wanda ya yi tari."

"Mama, lafiya?"

"Na ce ku zauna."

Mai gyaran famfo da ke tattara kayansa shi ma ya tsaya da sifana a hannu. Ƙarar ruwa kawai ake ji. Mama ta damƙe bakin mayafinta, tana ta addu'a a zuci. Can sai ga gunaguni, ƙasa-ƙasa, kamar injin da ake tayarwa da sanyin safiya. Sannan muryar ta buɗe.

"Sabulu ɗan santsi, ina za ka gudu?
Na riƙe sitiyari, kai ba ka fi ƙarfina ba.
Kwandasta buɗe ƙofa, fasinja sun taru,
Kwandasta mai faɗa, amma ba na tafiya ba ke."

Auta ta toshe bakinta da hannu biyu. Injiniya ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya cire tabarau yana gogewa da jiƙaƙƙiyar rigarsa.

"Mama," Auta ta raɗa, hawaye na bin kumatunta, "wace ce Kwandasta?"

"Wa kike gani mai faɗa a gidan nan?" in ji Mama, ita ma tana share ido tana dariya.

Waƙar ta wuce inda ta saba yankewa, ta ci gaba. Ya yi wa soso baiti, ya yi wa sandarsa, ya yi wa farar rigar Injiniya ta'aziyya. Wani wurin kalma takan kufce masa, sai ya cike gurbin da la-la-la ya wuce abinsa. Mai gyaran famfo ya kama kaɗa ƙafa, har ya manta da wani aikin da ke jiransa.

Da Direba ya fito, yatsunsa duk sun yamutse, fuskarsa tana sheƙi, tawul a wuya. Ya tarar da su jere, ido jajir. Ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. 

"Kun... ji?"

"Mun ji, Baba," in ji Injiniya.

Direba ya ɗan sunkuyar da kai. Sai kuma ya ɗago, gefen bakinsa mai lafiya ya ja sama. "Gobe... ma."

Auta ta rungume shi har sandarsa ta faɗi. Injiniya ya ce ai dole a faɗa wa likita wannan, Auta ta ce ita za ta faɗa don ita ta kawo shawarar hitar, nan take suka buɗe sabuwar gardama. Mama ta bar su, ta ɗauki tawul ɗinta ta shige banɗaki.

Tun yaran suna ƙanana ita ce ta ƙarshe a wanka. Sai kowa ya gama ya fita, sannan ta shiga ta tarar da abin da ya rage, wani lokaci ɗumi-ɗumi, galibi sanyi. Ba ta taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Yanzu ta murɗa famfo, ruwan zafi ya sauko mata a wuya da kafaɗu, ya bi bayan da ya sha ɗaukar bokiti. Ta rufe ido. Ta jira ya huce kamar kullum, bai huce ba. Ta sake saɓa sabulu ba don wani datti ba.

Ta daɗe a haka kafin ta ji ana buga ƙofar da kan sanda.

"Wane ne?"

"Shayi," in ji Direba daga waje. "Na... dafa. Fito."

"Ka sha naka, Malam," ta ce, ta ƙara buɗe famfon. "Ina zuwa."