Sifes Na Bakwai

Gado goma sha biyu ne a ɗakin mata na asibitin, marasa lafiya kuwa goma sha takwas. Auta, ƙaramar cikin ma'aikatan jinya har sunan ya bi ta, ta ƙirga su sau biyu da safen nan, ƙafafunta na zogi, adadin bai canza ba. Shida suna kwance a ƙasa, kan tabarmi da kwalaye.

A rajistar ɗakin akwai layin da aka sa wa kalmar Turanci, space. A makaranta an koya wa Auta cewa ma'anarta sarari ne, wurin da babu kowa a cikinsa, har da sararin sama inda taurari suke. A nan kuwa sifes ake cewa, kuma tayil uku da rabi ne tsakanin gado da gado.

Wajen hantsi wani kafinta ya shigo riƙe da mahaifiyarsa, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage.

Ya ce, "Malama, an ce an samar wa Iya sifes. Wane irin gado ne? Shekara ashirin ina haɗa gadaje, ban taɓa jin sa ba."

Mai shara ta dogara da sandar gugarta. "Gado ne marar ƙafa, ɗana. Ba a faɗowa daga kansa."

Auta ta nuna masa wurin, kusa da ƙofar banɗaki. Ya duƙa ya auna da takin hannunsa, ya ɗago ya dube ta. Ya shimfiɗa zanen uwar tasa a kan sanyin tayil, ya kwantar da ita.

A teburin aiki, Babbar Sista ta turo mata rajista. "Rubuta sifes na bakwai. Gobe masu duba asibitoci za su zo."

"Anti, bara ma sun zo. Suka ga kowa da sifes ɗinsa, suka rubuta ba mu bukatar ƙarin gado. Da hannunmu muka kori gadajen."

"Haka aka saba rubutawa."

"Ai wannan sabo ne ya kwantar da tsohuwar nan a bakin banɗaki."

Babbar Sista ta cire tabarau, ta murza idanu. "Auta, ni ma da zafina na zo, zafin nawa har ya fi naki. Wadda ta rubuta gaskiya kafin ke, tura ta aka yi can inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako. Kina da goyo, ga makarantar babban. Ki bi ruwa a sannu."

Ta tashi ta tafi ɗakin magani, tana jan ƙafa.

Auta ta daɗe riƙe da biro. Ta tuna 'ya'yanta, ta tuna motar nan ta mako-mako. Can ta ji ƙarar guduma. Kafintan ne ke kafa ƙusa a bango don a rataya wa Iya ledar ƙarin ruwa, tunda ƙarfen rataya ma ya ƙare. Ba wanda ya hana shi. Ba wanda ma ya waiwaya.

Auta ta sunkuya, a gaban sunan Iya ta rubuta ƙasa. Ta koma kan sauran shidan, ta soke kalmar Turancin ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta ƙasa, ƙasa, ƙasa, har takardar ta kusa hujewa.

Da Babbar Sista ta dawo, ta karanta shafin tun daga sama.

"Da biro kika rubuta?"

"Da biro, Anti."

Babbar Sista ta yi ajiyar zuciya, ta ja kujera ta zauna. Daga bakin banɗaki tarin Iya ya sake tashi. Babbar Sista ta miƙa hannu, Auta ta ba ta biron, ta sa hannu a ƙasan shafin.

"Gobe ke za ki yi musu bayani," in ji ta. "Ni Turancina ya gaji."