Ƙaurin Albasa

Yaya na yanka albasa lokacin da mai ɗaukar hoto ya ce ta ɗan matsa gefe, wai inuwarta na faɗawa kan fuskar Auta. Ta matsa, amma wuƙar ta ƙara sauri a kan katako.

'Yan talabijin ne suka zo gidan abincin marigayiya Inna, suna shiri kan girkin gargajiya na yankin, suna neman wadda ta gaji hannunta a cikin 'ya'yanta biyu. To don Allah a duba lamarin nan. Yaya ce ta tsufa a bakin murhun, hayaƙi ya cinye mata ido. Auta kuwa aikin ofis take, sai ranar hutu take leƙowa ta lashi miya ta ce gishiri ya ji. Amma da yake bakinta na zuba kamar rediyo, ita aka tsayar gaban kyamara. Kishi ya kama Yaya.

"Yaya, a taimaka min da wuta," in ji Auta.

"To, uwar ɗakina."

An zaunar da Kawu, ƙanin Inna, shi zai ɗanɗana ya faɗi gaskiya. Tun rasuwar yayarsa yake cin miyar Yaya, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: "Ta yi daɗi, amma da saura."

Auta ta zuba albasa a mai, ta juya baya tana ba kyamara labarin yadda kakanni ke shanya kayan miya. Yaya ta durƙusa, ta tura ƙarin itace, ta hura, ta sake hurawa. Ta san abin da take yi sarai. Ita dai ba ta taɓa barin albasa ta wuce ja ba. Inna ce surutu da masu saye kan ɗauke wa hankali har tata ta yi baƙi-baƙi, abin da Yaya ta daɗe tana jin kunyarsa a ranta.

Ƙauri ya tashi. Auta ta juyo, ido ya raina fata, ga kyamara a kanta. Ta rasa ta yi, ta antaya sauran kayan a haka. Yaya ta sunkuyar da kai don kada a ga bakinta.

Da miya ta nuna, Kawu ya kai cokali baki. Ya sake kai wani. Sai ga hawaye.

"Yau na ga yayata," ya ce. "Wannan ɗan ƙaurin nake nema. Haka mahaifiyarmu ta koya mata, sai albasa ta kusa ƙonewa ake sakinta. Ashe ke kika ɗauko hannun, Auta."

Yaya ta zuba wa tukunyar ido. Ashe ba surutu ba ne. Shekara da shekaru tana gyara wa Inna abin da bai lalace ba.

Bayan baƙi sun naɗe wayoyinsu sun tafi, Auta ta same ta a wurin wanke-wanke, ta dafa kafaɗarta.

"Na ga lokacin da kika tura itacen nan, Yaya. Kin ba ni sirrin, kuma ba ki tona min asiri a gaban mutane ba. Allah ya bar zumunci."

"Amin," in ji Yaya, ta ci gaba da kankare gindin tukunyar, duk da ta daɗe da fita fes.