Kalmar Maman Samson

"Yarinyar nan fa tough ce."

Haka na ji Maman Samson ta gaya wa wata ƙawarta bayan an tashi coci, ina daga bayansu ina tattara kujeru. Samson ne zai aure ni, in uwarsa ta yarda. Ya ce sai abin da ta ce.

Na koma gida da murna. A sakandare, tough da strong duk ƙarfi aka ce mana. Ni Juliana, da gaisuwa ma sai na yi bitarta a zuci, yau ni ce mai ƙarfi! Har tafiyata ta canza.

Ina aiki a wani gidan abinci a unguwar Television. Ran Litinin wani kwastoma ya ture faranti.

"Naman nan tough ne! Tayar mota kuka dafa min?"

Wannan dai ba yabo ba ne. Na shiga kicin wajen Hajara, abokiyar aikina.

"In an ce mace tough ce fa?"

"Wa ya ce?"

"Uwar miji. A misali."

Ta kwashe da dariya. "A misali, ke ganda ce! Strong ita ce mai ɗaukar jarka biyu. Tough kuwa, a tauna, a gaji, a tofar."

"Ai sojoji ma tough ake ce musu."

"To soja take nema wa ɗanta?"

Na kira Samson. Ya ce Mama ba ta magana a banza, kuma cajinsa zai ƙare.

Sai na koma laushi. Ina durƙusawa har ƙasa, murya kamar ta sauro. Mama ta dube ni ta ce, "Zazzaɓi kike?"

Ran Asabar na je gidanta a Mahuta taya ta girki. Ta miƙo min kazar gida, tsohuwa, duk jijiya.

"Ni ba na cin 'yar agirik," in ji ta. "Tun ruwa bai tafasa ba ta narke."

Zuciyata ta yi sanyi.

"Amma wannan ma, in ta ƙi nuna, kare nake ba."

Na ajiye wuƙa. Na juyo na dube ta.

"Mama, tough ɗin da kuka ce da ni a coci, na zama ne, ko in kama gabana?"