Ufar da Ba Ta Girgiza But

Kwana uku ke nan da Dogo ya karɓo motarsa daga shagon ƙaninsa, kuma a kwana ukun nan bai ji daɗin kiɗa ko sau ɗaya ba. Ba wai sabuwar ufar, wato babbar lasifikar da aka ɗaura masa a but ɗin bayan motar, ba ta aiki ba ne. Tana yi. Amma abin da ya daɗe yana mafarki, wato ya murɗa rediyo but ya ɗauki rawa, lambar mota ta hau kaɗawa, mutanen bakin titi su waiwayo, wannan bai samu ba. Wani sauti mai zurfi ne ke fitowa daga baya, ya daki kujera a natse, ya tsaya cak inda mai ganga ya tsaya. Daga waje kuwa ko kare ba ya ɗaga kai.

Dogo direban haya ne. Ya yi wata da watanni yana wuce ufar nan a gilashin wani babban kanti yana haɗiyar yawu, har ranar da ya rufe ido ya saya. Ya kai wa Auta, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, mai haɗa kayan sauti na mota. Shi Dogon ne ma ya riƙe hannunsa ya kai shi koyon sana'ar bayan rasuwar mahaifinsu. Auta ya riƙe motar kwana biyu cur, aikin da wasu ke gamawa kafin azahar.

A rana ta uku da karɓo motar, Dogo ya tsaya shan iska wurin Mai Faci. Mai Faci yana da wata tsohuwar mota da ƙofarta ɗaya ke ɗaure da waya, amma in ya kunna ufarsa ta araha, kwanon rufin shagon maƙwabcinsa sai ya amsa. Ya zura kai cikin motar Dogo, ya saurara, ya taɓe baki.

"Wannan ce mai tsadar?"

"Ita ce."

"To, Allah ya sa alheri." Ya koma kan tayarsa. Can kuma, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Kana wurin aka ɗaura?"

"Ƙanina ne fa ya ɗaura."

"Ni ban ce komai ba. Na dai san ufa a cikin akwati take, raga a gabanta. Wa ke ganin bayanta?"

Irin su Mai Faci ba sa taɓa cewa komai. Su dai su ajiye maka garwashi a aljihu, su ce a gai da gida.

Dogo ya ja mota, zuciyarsa tana ta tono. Ranar da ya je karɓar motar, ai ya ga wata baƙar jif a ƙofar shagon, but a buɗe, mai ita yana ta washe baki. Ya kuma ga kwalin ufarsa a bayan ƙofa, an ninke shi. Me ya sa aka ninke? Me ya sa kwana biyu? Da ya gaya wa matarsa, cewa ta yi, "Baban yara, ka ji tsoron Allah. Autan?" Wannan ya ƙara ba shi haushi, don kowa in an ce Auta sai ya ce Autan, sai ka ce ba mutum ba ne.

Washegari ya biya shagon, wai wucewa yake yi. Auta ya fito yana goge hannu da tsumma, fuska a sake.

"Yaya, ya ka ji ta?"

"Ba ta da ƙarfi."

Auta ya yi dariya. "Na san za ka ce haka. Hayaniya ce ba ta da ita. Ta araha, takardarta siririya ce, maganaɗisunta ɗan mitsitsi. Murya ɗaya ta iya, bum bum bum, kowace waƙa ka sa mata haka za ta yi, rabin abin da kake ji ma ƙarfen mota ne ke kuka. Wata shida ta ƙone. Taka kuwa kowane bugu daban take fitar da shi. Ni na shimfiɗe but ɗin da roba don kada ya yi ƙara, har bayan lambar na sa. Akwatin ma sabo na haɗa daidai awonta, shi ya ci min kwana biyu."

Bayani ne mai kyau, kuma kyan nasa ne ya dami Dogo. Ya yi santsi da yawa, kamar an kwana ana shirya shi. Ya dubi idon Auta yana neman ƙifta, bai samu ba, sai ya ce a ransa yaron ya ƙware ke nan. Da ya ce masa, buɗe in gani, da an gama a nan, a yi fushi na yini ɗaya a shirya. Amma Dogo ba ya so a ce ya zargi ƙaninsa. So yake ya tabbatar ba tare da kowa ya sani ba.

Sai ya zaga can ƙarshen layin, wurin wani mai haɗa sauti da ake kira Mai Gilashi saboda tabaran da ke rataye a hancinsa. Mutumin bai san Dogo ba. Dogo ya ce wani ne ya yi masa aiki, yana jin an yi masa musanya, a buɗe a duba.

Mai Gilashi ya ɗaga but, ya ƙwanƙwasa akwatin da bayan yatsa. Ya cire ragar, ya leƙa notinan da suka riƙe ufar.

"Masu kan tauraro ne. Sukudirebana ba zai kama su ba. Ba ni minti biyu."

Kafin Dogo ya buɗe baki, ya riga ya kara waya a kunne. Abin da direba bai sani ba shi ne, masu sana'a ɗaya a layi ɗaya, ko suna hararar juna a kan kwastoma, aron kayan aiki ba ya yankewa a tsakaninsu.

"Auta, ara min makullin tauraron nan naka. Wani bawan Allah ne aka yi wa musanyar ufa, za mu tona asirin ɓarawo."

Dogo ya ce a bari, ya tuna yana da fasinja. Mai Gilashi ya ce haba, ga shi nan tafe, da kansa ma zai kawo, ai shi ma yana son ganin wane marar kunya ne ke ɓata musu suna.

Auta ya shawo kwana da makullin a hannu, yana murmushi. Motar ya fara gani. Tafiyarsa ta ragu. Sannan ya ga but a buɗe, ga raga a ƙasa, ga yayansa tsaye yana kallon takalminsa. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya zube.

"Kawo," in ji Mai Gilashi.

"Bari, ni na ɗaure su."

Ya durƙusa ya kwance noti takwas ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma. Ya zare waya biyu, ya sa hannu biyu ya ciro ufar, jijiyar wuyansa ta tashi saboda nauyi. Ya juya bayanta sama. Ga maganaɗisu kamar murfin tukunya, ga tambarin kamfani, ga lamba a zane a jikin ƙarfe. Mai Gilashi ya gyara tabarau, ya yi fito.

"Kai! Wannan ai ta ainihi ce. Dubi kaurin katakon nan. Malam, wa ya ce maka..." Sai ya dubi Auta, ya dubi Dogo, ya ga hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya. Ya haɗiye sauran maganar, ya shige shago neman abin da bai ɓata ba.

Auta ya miƙe ya ɗora ufar a hannun yayansa. Dogo ya rungume ta dole. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Auta, ba haka ba ne. Mutane ne suka..."

"Ka duba lambar da kyau, ka gwada da ta takardar kanti."

"Na yarda. Wallahi na yarda."

Auta ya gyaɗa kai. Babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi, da Dogo ya san inda zai kama. Ya ajiye makullin a bakin but, ya leƙa shago ya ce wa Mai Gilashi in ya gama mayarwa ya aiko masa da shi. Sannan ya juyo, ya ɗan rusuna kamar yadda yake yi wa duk wanda ya kawo mota.

"Yallaɓai, a sauka lafiya."

Ya kama hanyar shagonsa. Dogo ya so ya riƙo rigarsa, amma hannayensa biyu suna ƙarƙashin ufar, kuma babu inda zai ajiye ta.