Ƙyauren Maɗaci

Mudi maƙeri ya ɗaga gatarinsa, sai Fasto Ayuba ya shiga tsakaninsa da ƙyauren, ya buɗe hannuwa.

"Kauce, Malam Ayuba," in ji Mudi. "Sara ɗaya ne, kwaɗon nan ya faɗi ƙasa."

"Ba namu ba ne, Mudi. Na sa hannu a takarda."

Mijina Ishaya yana kwance a tabarma a bakin ɗakin shan magani na cocinmu, kansa a cinyata. Kububuwa ce ta sare shi da hantsi a gonar gyaɗa. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, tabon saran yana ta tsattsafar da jini, ya ƙi tsayawa. Daga inda nake zaune ina jin warin kananzir na firjin da ke ciki. Allurar maciji tana cikin firjin nan. Taku huɗu ne tsakaninmu da ita.

Ranar Juma'a ce, ɗaya ga Oktoba, 1965, ranar bikin samun 'yancin kai. Malamin asibitin da gwamnati ta turo mana, Malam Adewale, ya kulle ɗakin tun Alhamis ya tafi hutu Malumfashi da makullin a aljihu.

*

Ɗakin nan mu muka gina shi da hannunmu a Unguwar Barmo, kusa da Gozaki. Maza suka kwaɓa ƙasa, mata muka ja ruwa. Kowace mace a ikilisiya, kafin ta zuba dawa a turmi, takan ɗebi tafi ɗaya ta zuba a wata tukunya daban. Ran Lahadi a haɗa, a sayar a kasuwar Malumfashi, a sayo aidin da bandeji da ƙwayar zazzaɓi. Wata baturiyar mishan ta koya mini wanke miki da yin allura kafin ta koma ƙasarsu. Shekara tara ina wannan aiki.

Ɗakin ba shi da ƙyaure, asabari kawai muka rataya. Dattawa ne suka yanke haka tun ranar da aka yi jinka, wai ciwo ba ya sallama kafin ya zo. Musulmi su zo, Fulani su zo, ba a tambayar kowa. Ciwon da ya fi ƙarfinmu kuma akwai gadon kara a jingine a bango. A buga ƙararrawa, maza takwas su jefar da fartanya, su ɗauki mutum a kafaɗa har asibitin Malumfashi, suna karɓa-karɓa a hanya.

Sai wani jami'i ya zo daga birni a mota, da takarda. Gwamnati za ta ba mu tallafi: kwanon rufi, firji, magunguna, har da albashin malaman makarantarmu biyu. Amma magani kayan gwamnati ne, dole a sa ƙyaure da kwaɗo. Wanda ba shi da takardar shaida ba zai taɓa majinyaci ba. Addu'ar da muke yi kafin a fara ba da magani, a koma da ita cikin coci. In aka saɓa ɗaya, a janye duka.

A taron dattawa Ishaya kaɗai ya ƙi.

"Fasto, yau sun ce mu sa ƙofa. Gobe su za su gaya mana lokacin buɗe ta."

Aka yi masa dariya. Wani ya ce kishi yake don an karɓe aikin matarsa. Kuma da yake shi kaɗai ne kafinta a garin, shi aka ba aikin ƙyauren. Ya tafi har Funtua ya zaɓo katakon maɗaci. Na ce masa ya yi musu na banza mana, tun da ba ya so. Ya ce shi bai iya aikin banza ba.

Daga shekarar mata suka daina ɗibar tafin dawa. Me za a yi da shi, gwamnati ta ɗauke? Gadon kara kuwa gara ta cinye ƙafafunsa, ba wanda ya kula.

*

"Fasto," na ce, "ka san na iya allurar nan. Na ga yadda Malam Adewale yake yi, har sau uku."

"Tasalla, ba ki da takarda. In wani abu ya faru, me zan ce wa mutanen gwamnati?"

"Wani abu kamar me? Kamar ya mutu?"

Ya kawar da kai. Ishaya ya buɗe ido, ya yi magana a hankali, haƙoransa jajur da jinin dasashi.

"Ba sai an fasa kwaɗon ba. Mudi, dubi gefen hagu. Ƙusoshi shida ne. Ka zare su, ƙyauren zai fito da kwaɗonsa a jiki. In na warke ni zan mayar, ba wanda zai gane."

Mudi ya ajiye gatari ya laluba aljihu. Fasto bai motsa ba.

"Kwalaben allurar a ƙirge suke, ɗan'uwa Ishaya. Za su gane. Yara sittin ne a makarantar nan. Ka yi haƙuri, na aika da keke Malumfashi, kafin la'asar makulli zai iso. Kuma ku tuna, ba don su ba, da allurar ma babu ita."

Na dubi dattawan da ke tsaye a inuwar ɗorawa. Mutanen da na wanke wa gyambo, na karɓi haihuwar 'ya'yansu. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Mudi, wanda ko ƙofar cocinmu bai taɓa shiga ba, ya tofar da yawu.

"Wallahi ban san Allahnku ya koma aiki a ofis ba."

"To a ɗauke shi zuwa Malumfashi," na ce. "A buga ƙararrawa."

Wani dattijo ya ce, "Haba Tasalla, ga magani a nan, a wahalar da shi a hanya? A ɗan jira."

Wannan ita ce maganar da ta kashe mijina. A da, da ba mu da komai, da tuni maza sun yi nisa da shi, da kafin azahar yana gadon asibiti. Yanzu muna da firji, sai muka zauna muna kallon ƙofa.

Mai keken ya dawo da la'asar hannu wofi. Malam Adewale ya wuce Funtua wurin iyayensa. Aka ce gobe da sassafe a bi shi can. Ran Asabar aka bi shi, ba a gane gidan ba. Ishaya ya fara fitsarin jini. Da rana ya yunƙura ya dafa ƙyauren zai tashi, hannunsa ya zame, ya bar shatin yatsu biyar na jini a gefen hagu na katakon.

Ran Lahadi suka shiga sujada. Ina waje ina jin su suna yi masa addu'a da sunansa, Fasto yana roƙon Ubangiji ya buɗe hanya. Kafin su fito, Mudi ya kawo ƙannensa uku da gadon uwarsa. Su suka ɗauke shi. Ina biye da buta.

Ba mu kai rabin hanya ba ya ce a sauke shi a gindin wata tsamiya. Ya tambaye ni ko an kwashe gyaɗar da ya cire, kada ruwa ya same ta. Na ce an kwashe. Ƙarya na yi masa.

*

Malam Adewale ya iso ran Litinin a kan kekensa, mun riga mun binne. Da ya ji, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

"Mama, me ya hana su fasa? Ai da sai in ce ni na yar da makullin."

Ba ni ya kamata ya tambaya ba.

Bayan kwana uku Fasto ya zo gaisuwa da dattawa biyu. Ya karanta mini aya, ya yi addu'a doguwa. Da za su tashi sai ya rage murya.

"Jami'in lafiya zai zo duba mu mako mai zuwa. In ya tambaya, Tasalla, a gida Ishaya ya kwanta. Kin gane. Saboda yaran."

"Fasto, wa kake tsoro yanzu? A da dai na san wanda kake tsoro."

Ya ɗauki hularsa.

Ban sake shiga cocin ba. Ban daina addu'a ba, a ɗakina nake yi. Jami'in ma da ya zo bai tambayi kowa komai ba. An ce ya leƙa firji, ya yaba da tsabta, ya sha ruwa, ya shiga mota.

Ana gobe jami'in zai zo, na bi ta wurin ɗakin maganin zan je rijiya. Na tarar da Fasto Ayuba shi kaɗai, ya naɗe hannun riga, da gwangwanin koren fenti da aka aiko daga birni. Ya riga ya shafe ƙyauren duka. Amma a gefen hagu, daidai ƙugun mutum, yana ta maimaitawa, ya shafa, ya ja da baya ya duba, ya sake tsoma burushi.

Ya ji motsin gugana, bai waiwayo ba.