Tokar Clifford Ackroyd

Doreen Ackroyd ta iso filin ƙwallon ƙungiyar Thornsedge Town ranar Asabar da tokar mijinta a gwangwani, gwangwanin kuma a jakar cefane. Clifford ne ya tsare wa ƙungiyar raga tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ƙungiyar da kullum tana can ƙasan rukuni na huɗu tana fama. Wasiyyarsa ɗaya ce: in an ƙona gawarsa, a zuba tokar a bakin ragarsa.

Ita kuwa Doreen ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallonsa ba. Ba ta son ƙwallo, ba ta son sanyi, kullum sai ta ce masa sai wani makon. Tun da ya rasu abin yake cin ranta, shi ya sa ta ƙudurta wannan alkawarin kam sai ta cika shi daidai.

Shugabannin ƙungiya sun tsara komai. Kafin a take wasa za ta fito ta zuba tokar, 'yan kallo su yi tafi. Tana tsaye bakin ƙofa tana jira, sai ga Stan Pickersgill yana dogara sanda, tsohon ɗan bayan da suka yi zamani da Clifford.

"Doreen, ina za ki kai mini shi?"

"Ragarsa mana." Ta nuna cikin fili.

"Waccan? Tabɗi! Ai Cliff bai taɓa tsayawa can ba. Bayan mun ajiye takalma aka juya filin, lokacin da aka faɗaɗa titi. Yaran nan na ofis ina suka sani? Ba a ma haife su ba."

Ta juyo ta dube shi. "To tasa tana ina?"

"Ai raga biyu ce. Wurin ɗaya ya zama titi, motoci na bi ta kai. Ɗayar kuma, zo ki gani."

Ya ja ta suka zaga bayan rumfar 'yan kallo, wajen ajiye motoci. Ya tsaya tsakanin kwandunan shara da motar mai sayar da soyayyen dankali, ya buga sanda a ƙasa. Kwalta ce, da wani ɗan kwari da ruwan sama ya kwanta, ciyawa ta tsiro ta cikin tsaga.

"Stan, ka rantse ba tsufa ke damunka ba."

"Ke, kalli ruwan nan. Tun zamaninmu nan yake taruwa, kwalta ma ta kasa shi. Nan mijinki yake birgima kamar agwagwa. Nan aka zura masa ƙwallo bakwai rana ɗaya, ya ce wai laifina ne."

"Laifinka ne?"

"Biyar dai nawa ne."

Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye. Ta durƙusa da ƙyar, ta buɗe gwangwanin, ta kare iska da rigar sanyinta, ta zuba tokar a hankali cikin tsagar da ruwan.

Can ciki lasifika ta kira sunan Clifford, ta kira nata, ta sake kira. Da dai ba a gan ta ba, sai tafi ya ɓarke haka nan.

"Tashi mu shiga, shi ake wa," in ji Stan.

"Je ka kai. Ya daɗe yana jira in zo nan, bari in ɗan zauna da shi."